Ranar da Na Mayar da Gayyar Baba Gem

A ƙauyenmu, can gaba da Dawakin Tofa, akwai wata ƙarya da kowa ya sa hannu a cikinta, har da liman. Wai har yanzu babu mai iya wuce Babanmu a huɗa.

A da kam gaskiya ce. Sa'o'insa sun ce lokacin da yake ji da ƙarfi, in ya sunkuya da garma a bakin gona, ƙasa kawai za ka ga tana tashi, kafin su kai tsakiya shi ya fita ƙarshen kunya ya juyo yana tambayar ko an kawo fura. Ni ban riski wannan zamanin ba. Na buɗe ido ne na tarar da dattijo mai ciwon gwiwa, wanda in zai tashi daga tabarma sai ya yi salati ya dafa bango. Amma duk damina, da dawa ta isa huɗa, sai ya kira gayya. Mutane sun koma garmar shanu tuni, masu hali ma tarakta suke haya, shi kuwa sai an tara majiya ƙarfi, an kira mai ganga, an dama fura, kowa ya kama kunyarsa an jera, shi a gaba. Kuma kullum shi ke fara kaiwa ƙarshe.

Sirrin ba wani mai wuya ba ne. Baba ba ya waiwaye in yana noma. A wurinsa rago ne ke duba baya ya ga nawa ya yi. To a bayan nan nasa da ba ya dubawa, Allah kaɗai ya san abin da ake aikatawa. Yayana, babban ɗansa, shi ne sarkin munafukan. Da ya ga wani ya kusa dugadugan Baba sai ya yi gyaran murya. Nan take wani zai tuna ƙotar garmarsa ta yi sako-sako, wani ƙaya ta soke shi, wani ya tsaya ɗaure mazagin wandon da bai kwance ba. Ƙartai masu ƙwanji, waɗanda ke ɗaga buhun masara su kaɗai, sai ka ga suna lallaɓa ƙasa kamar masu neman allura. Ba a taɓa zama an shirya haka ba, kowa ya taso ne ya ga ana yi.

Dalili kuwa kowa ya san shi. Baba ba shi da sarauta, bai je Makka ba, karatunsa bai wuce na sallah ba, kasuwanci kuma sau ɗaya ya gwada, albasa ta ruɓe a hannunsa. Abu guda yake da shi a duniya da yake ɗaga kai saboda shi: in an jera da garma, shi ne gaba. Inna ta sha faɗa wa yayana cewa duk wanda ya kuskura ya wuce tsohon nan, to ya shirya, shi zai yi jinyarsa, ita ba ruwanta.

Ni ne ɗan da garma ba ta karɓa ba. Na yi karatu a Bici, na dawo da takarda da dogon Turanci, aiki ya ce bai san ni ba. Sai na koma abin da na iya, wato ɓata lokaci da waya. Tun ina yaro, in an aike ni cikin gari, nakan maƙale a shagon wani mai gem kusa da tasha. Tsohuwar talabijin ce da janareta mai tari, a ciki wasu 'yan mutane da aka gina da ƙananan murabba'ai, kai kamar bulo, ƙafa kamar bulo, suna gudu daga hagu zuwa dama suna tsallake rami. Kowa da zuciya uku a saman kansa, in ya faɗa rami ɗaya ta tafi. Kiɗansu kuwa tilin-tilin, sai ka ce ana buga cokali a kwalba. Na sha duka saboda shagon nan, kuma har yau ina ganin dukan bai kai daɗin ba.

Da na fara 'yan gajerun finafinai da wayata, sai na gane kyamarar ba ta da mutunci, duk wanda na ɗauka sai ya fito dishi-dishi. Na ce to, tunda hoto ya ƙi kyau, bari in lalata shi da gangan. Na samu manhajar da ke farfasa hoto ya koma murabba'ai irin na tsohon gem, na koyi ɗora zukata a saman kai, da kwabbai masu tashi sama, da kiɗan cokalin nan. Da akuyar Inna na fara, tana satar dusa. Duk lomar da ta yi kwabo ya tashi, da Inna ta sauke mata muciya a gadon baya zuciya ɗaya ta ɓace. Samarin gari suka kusa shiɗewa don dariya. Na yi na jakin maƙwabcinmu da ya ƙi tsallake kwalbati, na yi na mai shayi yana yaƙi da ƙudaje. Aka fara kirana mai fim, har wasu 'yan mata daga Makoda suka aiko a gaishe ni.

Salon yana da ƙa'ida. Dole ka ɗauki mutane ta gefe, daga nesa, kowa a fili, suna tafiya daga wannan ɓangare zuwa wancan. Dole kuma ka ƙara wa hoton gudu, don 'yan gem ba su san tafiyar ƙasaita ba, zabura suke yi.

Ranar da na ji Baba yana aika goron gayya, abin ya faɗo mini a rai. Yo gayya ai gem ce da Allah ya riga ya shirya mini: mutane a jere, suna tafiya gefe guda, ga kiɗa, ga gwani, ga masu shan kaye. Na je na durƙusa na nemi izini. Baba ya dube ni sama da ƙasa, ya ce tunda garma ta fi ƙarfina, in riƙe abin da zan iya ɗauka, amma kada in tsaya wa manoma a hanya. Yayana ne ya ja ni bayan rumbu ya ce in rufa wa kaina asiri. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, in na gama da hoton nan ko uwar mutum ba za ta gane shi ba, bare ta gane abin da yake yi.

Akwai wani suri a iyakar gonarmu da ta maƙwabta, kusa da layin gamba. Nan na hau na tsaya da waya. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To ni suri kawai na hau, kuma wallahi na hango abin da babba bai taɓa gani ba, sai dai a lokacin ban kula ba, hankalina yana kan kada cajina ya ƙare. Aka yi gayya lafiya, mai ganga ya wasa Baba, Baba ya fita gaba kamar kullum, aka sha fura aka watse.

Na tare a rumfar mai cajin waya ina haɗawa. Ban taɓa zuba ƙwarewa a kan wani aiki kamar wannan ba, kuma don in girmama tsohon na yi, duk wanda ya ce ba haka ba shi da Allah. Na ɗora masa jar hula ta murabba'ai. Na ba shi zuciya uku da ba sa raguwa. Duk saran da ya yi, damin dawa ya tashi sama da tilin. Sauran kuwa na riƙa zare musu zukata ɗaya bayan ɗaya, yayana ma na bar shi da rabi. Da komai ya zauna, sai na ƙara wa hoton gudu na kunna.

Tabɗi. Abin da ido ba ya kamawa a gona, gudun nan ya fito da shi tsirara. Ga Baba can gaba yana tafiya ɗiris-ɗiris, ga ƙartai a bayansa kamar awaki a turke: su zabura, igiya ta fizgo su, su zabura, igiya ta fizgo su. Duk wanda ya kusa shi sai ya ci birki, ya yi 'yar rawa a wuri ɗaya, ya jira tsohon ya ba da tazara. Murabba'an sun ɓoye fuska, amma ba su ɓoye munafunci ba. Na yi dariya har mai caji ya zo ya duba ko lafiya, shi ma ya gani ya zauna a ƙasa.

Yayana ya ce in goge. Na ce haba, aikin da ya cinye mini data da barci? Wayar Baba ƙarama ce mai tocila, ko hoto ba ta ɗauka, kuma shi in ya ga yara sun haɗa kai a kan waya tsaki yake yi ya wuce. Abokaina kawai zan tura wa. Na kuwa tura musu, na ce kada ya wuce nan. Kafin Juma'a ta zagayo ana kallonsa a kasuwar ƙauyen da ban taɓa takawa ba.

Duk da haka da an tsira, don babu mai ƙarfin halin nuna wa Baba. Babu, sai mutum ɗaya da na manta da shi: taubashinsa, ɗan gwaggonsa, wani tsohon mai goro. Tsakaninsu akwai wasa tun na yarinta, irin wanda al'ada ta yarda ɗaya ya ci zarafin ɗaya a gaban jama'a, ba a kuma isa a yi fushi ba. Shekara da shekaru yana ce wa Baba ragon manomi, Baba yana ce masa mai sayar da ruɓaɓɓen goro. Ga shi ɗan mai goron ya aiko masa da babbar waya daga Legas, ya koyi latsa ta fiye da tasbaha.

Bayan la'asar ne, dattawa suna zaune a gindin darbejiyar ƙofar masallaci. Na zo wucewa sai mai goro ya yafito ni, wai mai fim ya zo ya ga aikinsa. Yayana yana gefe yana gyaran tayar babur, ya saki abin da ke hannunsa.

Da farko abin ya yi wa Baba daɗi. Ya kanne ido ya leƙa, ya tambaya wane ne wannan mai kan bulo, aka ce shi ne. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce hular ta fi wadda yake zuwa idi da ita. Da ya ga dammunan dawa suna tashi, ya ce Allah ya sa bana a ga rabinsu. Na fara sakin numfashi. Sai mai goro ya mayar da fim ɗin farko, ya ɗora babban yatsansa mai jan goro a kan hoton Baba ya rufe shi.

"Bar kallon kanka, ragon manomi," in ji shi. "Dubi bayanka."

Liman ya tuna bai tabbatar da alwalarsa ba, ya tashi. Wani ya shiga kakkaɓe ƙurar da babu a rigarsa. Kiɗan cokalin nan nawa kaɗai ke tashi, tilin-tilin, ban taɓa jin sautin da na tsana kamarsa ba. Baba ya kalla har ƙarshe. Ya ce a sake, aka sake. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Wannan tsaye-tsayen da suke yi, kai ka sa musu, ko haka ka ɗauko?"

Na zabga ƙarya, kuma ko gobe aka sake tambayata haka zan ce. Na ce ni na sa, duk aikin waya ne. Yadda na ɗora masa hular da bai sa ba da dawar da bai girbe ba, haka na riƙa tsayar da su don fim ya yi armashi. Na shiga zuba kalmomin da na san ba zai gane ba. Yayana ya taya ni, ya ce ai yaron nan sheɗani ne, zai iya sa jaki ya yi ruku'u. Dattawa suka farfaɗo, kowa na cewa lallai kam, zamani. Mai goro ya buɗe baki zai yi magana, wani ya taka masa ƙafa.

Baba ya ce to madalla, ya miƙa wayar. Bai ƙara tayar da zancen ba. Ya ci tuwonsa, ya yi wa Inna ƙorafin gishiri kamar kullum. Yayana, wanda tun da aka haife ni bai taɓa yaba mini ba, ya ce ashe karatun Bici bai tashi a banza ba.

Ba a daɗe ba maƙwabcinmu ya kira tasa gayyar, a gonar gyaɗarsa da ke bayan gari. Aka gayyaci Baba ya ja gaba, kamar yadda aka saba. Na bi su da niyyar shan fura, wayata a aljihu, na rantse ba zan fito da ita ba. Aka jera, mai ganga ya rataya gangarsa. Baba ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama ƙota, sai kuma ya miƙe ya juyo ya fuskanci mutane, abin da ba a taɓa ganin ya yi a bakin kunya ba.

"Yarona ya ce aikin waya ne," in ji shi. "To yau babu waya. Duk wanda ya rage hannu saboda ni, ban yafe masa ba, duniya da lahira."

Sai ya nuna ni, ya ce a ba ni garma ni ma, a ba ni kunyar da ke kusa da tasa.

Wanda bai san mutanenmu ba zai ce ai magana ce kawai. A wurinmu dattijo ya ce bai yafe ba, har da lahira a ciki, ba abin wasa ba ne. Ƙato zai iya yi wa hakimi gardama, amma ba zai kwana da wannan a wuyansa ba. Aka buga ganga, aka sunkuya.

Ba a je ko'ina ba suka wuce shi. Ba don cin fuska suka yi ba, hannunsu ne kawai suka saki, kansu a ƙasa, ba mai kallon wani. Yayana ya wuce yana sharar fuska da hannun riga, wai gumi. Mai ganga ya rasa wanda zai bi, ya yi gaba ya dawo, ƙarshe ya tsaya a tsakiyar gona yana buga abin da shi ma bai san kansa ba.

Saura ni da Baba. Na ce a raina alhamdu lillahi, yau ragwancina zai yi rana. Rabona da garma tun kafin in tafi makaranta, hannuna laushi kamar na mai jego, ban yi nisa ba ya yi bororo, bayana ya riƙe. Kunyata ta fito a karkace, ko akuya ta gani sai ta yi tsaki. Ban rage hannu ba, don ina tsoron abin da ya faɗa, amma na sakankance iya ƙoƙarina ba zai kai ni ko'ina ba. Ina ta addu'a Allah ya ƙara mini lalaci.

Sai na ga dugadugansa a gefena. Sai gwiwarsa. Sai na zo daidai kafaɗarsa, na ji numfashinsa. Ban taɓa jin sa ba, don ban taɓa matsowa kusa haka a gona ba. Wani irin shaƙa yake yi, mai ƙara, kamar zugazugin maƙeri da ya huje. Garmar tana rawa a hannunsa kafin ta sauka. Na ɗan sassauta, wallahi ba da niyya ba. Bai ɗago ba, bai dube ni ba, ya ce, "Na ce ban yafe ba."

Na wuce shi. Ni, da duk garin nan aka sani da riƙe waya, na wuce ubana a huɗa, ina kuka kamar an yi mini mutuwa, majina tana zuba a kan gyaɗar mutane.

Muka taru a inuwar ɗorawa a ƙarshen gona. Aka ajiye ƙwaryar fura, babu wanda ya taɓa ludayi. Muna zaune muna kallonsa yana tahowa shi kaɗai, ya yi sara ya huta, ya yi sara ya huta. Wani saurayi ya yunƙura zai je ya tare masa ragowar kunyar, yayana ya riƙe masa riga. Mai goro ma ya zo kallo, da shirin tsiya cike da bakinsa. Yana tsaye a jikin ɗorawa, goro a kumatu, ya kasa taunawa. Na so in shaƙe shi, sai dai na san wa ya hau suri.

Baba ya kai ƙarshe. Ya gyara bakin kunyarsa da ƙafa yadda yake yi, ya zo ya zauna, ya karɓi ludayi ya sha. Ya dubi gonar, ya ga rana ko tsaka ba ta yi ba an kusa cinye ta, aikin da a da sai an kai azahar. Ya ce wa yayana ashe haka suke da hannu, Allah ya yi albarka. Babu ɗaci a muryarsa, da ma ya zage mu da ya fi mini sauƙi.

Da aka tashi aka kama hanyar gida, siririyar hanyar nan da ta ratsa cikin gero, sai kowa ya ja baya ya bar shi a gaba. Wannan kam ba munafunci ba ne, haka ake tafiya da babba ko'ina. Ya ɗan taka, muna biye a hankali. Sai ya tsaya, ya ratse cikin gero, ya ce mu wuce. Yayana ya ce haba Baba. Ya ce mu wuce, kowa yana da abin yi a gida.

Muka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowa yana rusunawa in ya zo daidai shi. Sai da na kai bakin gari na waiwaya. Yana can nesa, garma a kafaɗa, yana tahowa a hankali.